Karyar da Baba Ya Ƙi Saya

Shekara uku da rabi wata karya ta yi a gidanmu na Barking, tana kwana a bakin ƙofar ɗakin mahaifina, kuma a duk tsawon lokacin nan ko yini ɗaya ba ta taɓa zama tamu ba. Haka takarda ta ce. Ni na karanta takardar kafin Baba ya sa hannu, na ga layin da zai raba shi da ita wata rana, na kuma haɗiye maganata. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Abin ya faro ne daga rasuwar Mama. Baba ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan London, ya yi ritaya, bai cika shekara biyu yana hutawa ba Allah ya yi mata rasuwa. Na ɗauko shi daga flat ɗinsu na Woolwich na dawo da shi wurinmu, ni da maigidana, muka ba shi ɗakin ƙasa mai kallon lambun baya. Lambun ma dai suna ne kawai. Ɗan tsirin ciyawa ne da katangar katako da wata rumfar ajiye tarkace, jirgin ƙasa na layin District yana wucewa ta bayansa yana girgiza mana tagogi. Baba ya sami kujera a bakin taga ya zauna, zaman ke nan. In na kai masa abinci ya yi loma biyu ya ture. Likita ya ce ya riƙa tattaki, ya ce to. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, duk amsarsa ɗaya: "To, Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba.

Wata Asabar na tasa shi gaba dole muka tafi park, filin shaƙatawa na unguwa. Muna zaune a benci ina ta surutu ni kaɗai, sai ga wata Baturiya da karnuka biyu a igiya, sirara, masu dogayen ƙafafu da tsukakken ciki, irin waɗanda Turawa ke kira whippet. Sai na ji Baba ya yi wani fito da ban taɓa jin ya yi ba, gajere, sau biyu. Ɗaya daga cikin karnukan ya tsaya cak ya juyo. Kafin in ce me, tsohon da ke cewa gwiwa ta hana shi sujada sai a kan kujera ya durƙusa a ƙasa, yana shafa ƙirjin kare, yana ɗaga masa leɓe yana duba haƙora. Ya fi rabin awa yana hira da matar. Ashe kiwonsu take yi, tana kai su gasa, tana sayar da 'ya'yansu. Ta rubuta masa lambarta a bayan wani rasit.

A hanyar gida ne ya gaya mini kakansa maharbi ne a ƙauyensu, gabas da Kano, kuma irin waɗannan karnukan sak suke da su a gida, da su ya tashi har aka kai shi makaranta. Mama ba ta ƙaunar ko jin haushin kare, shi ya sa bai taɓa ɗaga zancen ba. Shekara arba'in da biyu ina 'yarsa ban san wannan ba.

Da ya ce yana son ya je ya ga 'yan kwikwiyon matar, na ce sam. Kare a gidan Musulmi? A ina za a yi sallah? Me za mu gaya wa mutane? Na zazzage masa duk abin da ke bakina, ya saurare ni har na gama, ya koma kujerarsa. Kwana uku ban ji muryarsa ba sai a sallama. A rana ta huɗu maigidana, wanda ba ya shiga tsakanina da Baba ko da wasa, ya ce mini a kicin, "Ki zaɓa, ko kare a lambu ko gawa a ɗaki." Na ji haushin maganar ƙwarai, amma da yamma ni na buga wa matar waya.

Gidanta yana can bayan inda layin jirgi ya ƙare, sai da muka ƙara da bas. Mace ce 'yar shekara sittin da wani abu, hannayenta duk kaushi, falonta yana warin kare da sabulu, bango kuwa cike da ƙyallaye masu launi da karnukanta suka ciwo a gasa. Ta kawo mana shayi da biskit. Baba ya zauna a ƙasa cikin 'yan kwikwiyo, wata 'yar mai launin toka da farin ƙirji ta hau cinyarsa ta cusa kai cikin kwat ɗinsa ta yi barci. Ba sai an yi dogon zance ba. Matar ta faɗi kuɗinta, ni kuma na jawo jaka.

Baba ya ɗaga mini hannu. Da Hausa ya ce, "Mayar. Ba a cinikin kare."

Sannan ya juya wurin matar ya yi mata bayani da Turancinsa mai tsabta, cewa a karatun da ya yi tun yana yaro kuɗin kare ba halal ba ne, ga mai bayarwa da mai karɓa. Ta zaci ragi yake nema, ta rage. Ya girgiza kai. Ya tambaye ta ko za ta iya ba shi kyauta. Ta yi 'yar dariya, ba ta raini ba, ta ce wannan 'yar ita ce mafi kyau a cikin haihuwar, da ma tana shakkar rabuwa da ita. Sai kuma ta dube shi, ta ce akwai wata hanya, kuma ba a biyan ko sisi.

Ta ɗauko takarda mai shafi huɗu ta yi mana bayani. Masu kiwo irinta ba su iya ajiye duk karnukan da suke so a gida ɗaya, saboda haka sukan ba amintaccen mutum riƙo. Karyar za ta zauna wurin Baba, shi zai ciyar da ita ya kula da ita, amma mallakarta na nan a hannun matar. Za ta riƙa ɗaukarta zuwa gasa in ta ba da sanarwa. In ta girma za a kai ta barbara wurin namijin da matar ta zaɓa, ta haihu sau uku, duk 'ya'yan na matar ne. Ba a yarda a cire mata mahaifa ba, ba a yarda a fita da ita ƙasar ba, ba a yarda a ba wani ita ba. Bayan haihuwa ta uku sai a mayar da ita sunan Baba, kyauta. Da ya ji kalmar kyauta sai fuskarsa ta washe.

Ni kuwa aikina ke nan, karanta yarjejeniyar haya a ofishin gidaje na ƙaramar hukuma, na san daɗin baki yana shafin farko, wuƙa tana shafin ƙarshe. Na karɓi takardar na bi ta layi-layi. A ƙasan shafi na huɗu na same shi. Mai karya tana da ikon soke yarjejeniyar duk lokacin da ta ga dama, da sanarwar wata guda. In ta soke, za ta fara yi wa mai riƙo tayin saye. In bai saya ba, ya mayar mata da kayanta ta sayar wa wanda ta so.

Na ce, "Baba, akwai wani wuri a nan da ya kamata..."

Ya yi mini wani kallo. A hankali, yana murmushi don kada matar ta gane, ya ce, "Baiwar Allah ta karɓe mu a gidanta, mun sha shayinta, ke kuma kina bin takardarta da yatsa kamar mai neman ɓarawo. Miƙo biro."

Ba a musu da uba a gaban baƙo, haka aka tarbiyyantar da ni. Amma in zan faɗi gaskiya ba tarbiyya kaɗai ta rufe mini baki ba. Wata goma sha ɗaya rabona da ganin haƙoran Baba, ga shi zaune a ƙasa yana dariya da 'yar kwikwiya a ƙirji. Na ce a raina wannan layin ba zai taɓa tashi ba, irin abin da lauyoyi ke cusawa ne don cika takarda. Na miƙa masa biro, har na sa hannu a wurin shaida.

Da farko dokoki ya kafa masu tsauri. A rumfar lambu za ta zauna. Ya kwashe tarkacen da hannunsa, ya shimfiɗa tsohon kafet, ya sa maigidana ya ja masa wuta ya kafa hita. Ya ware wando da riga na fita da ita, ya rataye su a bayan ƙofar kicin, in ya dawo ya canza ya yi alwala. Kwanonta daban, soson wanke shi daban. Sai sanyi ya shigo. Irin waɗannan karnuka ba su da gashin kirki, fata ce kawai a kan ƙashi, sai ka ga tana karkarwa har haƙoranta na haɗuwa. Ya saya mata riga. Bayan sati biyu na sauko da safe na tarar da ita a kicin kusa da hita, Baba yana karin kumallo kamar bai gan ta ba. Na buɗe baki, ya ce, "Kicin ba ɗaki ba ne." Kafin bazara ta dawo bakin ƙofar ɗakinsa. Nan kuwa ta tsaya. Ya koya mata ba a tsallake dokin ƙofar, kuma ba ta taɓa tsallakewa ba. In yana sallah sai ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta tana kallonsa har ya sallame.

Bai sa mata suna ba. A takarda tana da wani dogon sunan Turanci mai kalma huɗu da ba wanda ya taɓa kira. Shi dai "Ke" yake ce mata, ita ma ta san da ita ake.

Sau biyu suke fita a rana, ko ana ruwa. Baba ya dawo yana tashi da malmalar tuwo biyu, yana ƙorafin gishiri, yana gardamar siyasa da maigidana. Likita ya rage masa magani. Ni da na ce sam, ni ce na koma ɓoye mata ƙashin kaza ina cire mata tsoka, ina zaginta tana kaɗa mini jela.

Abin bai zo a banza ba. Akwai tsofaffi biyu, abokan Baba tun zamanin karatu, da kan zo gaishe shi ran Lahadi. Ɗaya ya daina zuwa ba tare da ya ce komai ba. Ɗayan ya zo sau ɗaya, ya ga kwano a kicin, na kawo masa ruwa ya ce yana azumi, ran Lahadi. A masallaci ma an tare shi bayan Juma'a, a gaban maigidana, aka ce, "Alhaji, wai ka ajiye kare a gida?" Baba ya ce, "Ba tawa ba ce. Ta wata dattijuwa ce, riƙo aka ba ni." Kuma bai faɗi abin da ba haka ba. A lokacin na gane takardar nan ba ta matar kaɗai ba ce, shi ma ta rufa masa asiri, a wurin mutane da kuma a zuciyarsa.

Ranar gasa matar kan zo da motarta da safe. Ta ɗora karyar a kan tebur, ta shafa haƙarƙarinta, ta yi wa Baba faɗa in ta ji kitse, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar ɗalibi. Da yamma a dawo da ita tana ƙamshin turare, wani lokaci da ƙyalle ja ko shuɗi. Wannan mai sauƙi ne. Haihuwa ce mai wuya. Ana ɗauke ta tun kafin ta haihu, ba a dawo da ita sai an yaye 'ya'yan, kusan sati goma. Takarda ta ba shi ziyara ɗaya a mako, in ya sanar tun da wuri. Duk Laraba sai ya sa kwat, ya hau jirgi har ƙarshen layi, ya hau bas, ya zauna da ita awa ɗaya, ya dawo. Sauran kwana shidan yana kujerar taga. Ranar da aka dawo da ita daga haihuwar fari ta rame, nonuwanta sun zube, ta yi ta zagaya falo tana leƙa bayan kujeru tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Baba yana tsaye yana kallonta, ya ce, "Sun kwashe mata su duka."

Haka aka yi sau biyu. Saura ɗaya ta zama tasa.

Wasiƙar ta zo wata Talata, daga ofishin lauya. Mijin matar ya sami shanyewar ɓarin jiki, za ta rufe kiwon ta sayar da gidan su koma kusa da ɗansu. An soke yarjejeniya bisa layin ƙarshe na shafi na huɗu. Baba yana da wata guda ya saya ko ya mayar. Akwai wani mai kiwo a arewacin ƙasar da ya riga ya nuna yana so, don karyar tana da sauran haihuwa a jikinta.

Ban gaya wa Baba ba sai da na je wurin matar. Na tafi da niyyar in yi mata tatas, na shirya maganganuna tun a jirgi. Na shiga na tarar an kwashe ƙyallayen bango, ga kwalaye, ga mijin a keken guragu an ɗaura masa tawul a wuya, yawu yana zuba. Duk abin da na shirya ya gudu. Na roƙe ta ta ba Baba kyauta, tunda haihuwa ɗaya ta rage. Ta yi kuka, ta ce da tana da hali da ta yi, amma kula da mijin zai cinye duk abin da suka mallaka, kuma ta riga ta sa mana kuɗi ƙasa da abin da mutumin arewa zai bayar. Ban sake roƙo ba.

Na kai takardar wurin wani lauya abokin maigidana. Na ce masa ai ɗan ƙarfen shaida mai lamba da aka dasa wa karyar a wuya sunan Baba ne a kai da adireshinmu. Ya ce wannan yana nuna inda take zaune ne, ba wanda ya mallake ta ba. Ya ce a dokar ƙasar nan kare kaya ne kamar firji, kotu ba ta tambayar wa yake so. Ya juya shafi na huɗu, ya ga sa hannuna a wurin shaida, ya ɗago ya dube ni, ya yi mini kara ya rufe takardar. Da zan fita ya ce, "Hajiya, ku biya kawai. Ba wata hanya."

Kuɗin ba su fi ƙarfinmu ba, wannan ne abin takaicin. Da ba mu da su da na ce ƙaddara.

Da na karanta wa Baba wasiƙar, karyar tana kwance a kan ƙafarsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To. Mai kaya ta nemi kayanta." Na ce ai saye za mu yi. Ya ce ba a cinikin kare. Na ce shekara uku da rabi, Baba. Ya ce ko talatin ne.

Na je wurin wani malami da Baba ke girmamawa, na kwashe komai na gaya masa. Mutumin kirki, har gida ya zo, ya zauna a falo karyar tana leƙensa daga kicin. Ya ce wa Baba akwai saɓani a kan mas'alar, wasu malamai sun halatta kuɗin karen da aka yarda a ajiye, kamar na farauta ko na gadi, kuma addini bai zo don ya ƙuntata wa bawa ba. Baba ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya ce mini, "Wannan farautar me take yi? Gadin me take yi, ita da ke ɓuya in an buga ƙofa? Don raina nake riƙe da ita, Uwata. Na san haka, Allah ma ya sani. Ba zan je in yi masa wayo ba."

Sai na yanke shawarar ni in yi wa Baba wayo. Na kira matar na ce zan biya da sunana, amma a gaya masa kyauta ta ba shi. Ta ce ita ba za ta ce masa komai ba, wannan tsakaninmu ne. Sai dai dole Baba ya sa hannu a takardar rufe tsohuwar yarjejeniya, tunda da shi aka ƙulla. Da takardar ta zo na ga an rubuta ƙarara cewa an rufe ne saboda 'yarsa ta saya, har da adadin. Na roƙa a cire layin. Ta ce lauyanta ba zai yarda ba, ita ma ba ta sa hannu a takardar da ta ɓoye abin da aka yi. Na ci mutuncinta a raina iya ci, amma na san ba ta yi laifi ba.

Na kai masa bayan la'asar, na naɗe takardar yadda wurin sa hannu kaɗai ke waje. Na saki fuska na ce, "Baba, albishirinka. Ta haƙura, ta bar maka." Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauko tabarau, ya warware takardar, ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya fara daga layin farko yana bi da yatsa. Ina tsaye ina jin jirgi ya wuce, wani ma ya wuce. Da ya kai wurin sai yatsan ya tsaya.

Nan fa na fashe. Ban taɓa ɗaga masa murya irin ta ranar ba. Na ce kullum kana cewa ana rage maka lada saboda ita, ka yarda da wannan, sai kuɗi ne ba za ka yarda da su ba? Na ce kuɗina ne, guminna ne, in zunubi ne a rubuta a kaina, na ɗauka. Na ce ka san abin da za su yi da ita, keji za su sa ta su yi ta tatsar 'ya'ya har ta ƙare. Na ce in ta tafi kai ma tafiya za ka yi, ni kuma na gaji da binne iyaye. Ina faɗa ina kuka, karyar ta tashi ta shige ƙarƙashin tebur.

Bai katse ni ba. Da na yi shiru ya cire tabarau ya ninke. Ya ce, "Ladan da ake rage mini nawa ne, ni kaɗai nake ɗauka. Ban haife ki don ki ɗaukar mini zunubi saboda kare ba." Ya miƙo mini takardar. "In kika biya ko sisi, da sanina ko a ɓoye, ban yafe ba."

Wanda bai tashi a gidan Hausawa ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. Baba bai taɓa faɗa mini ita ba, ko lokacin da na ƙi karatun likita, ko lokacin da na kawo mijin da ba shi ya zaɓa ba. Maigidana ya ce in biya kawai, tsoho zai huce. Na ce ba uban wani ba ne, nawa ne, kuma ya kusa kabari, in ya tafi da wannan a bakinsa ina zan sa kaina? Sau biyu ina buɗe wayata zan tura kuɗin ina rufewa. Wata ya cika.

Da hantsi suka zo, matar da mutumin arewa, a wata farar mota mai keji a baya. Mutumin ba mugu ba ne a fuska, yana da fara'a. Ya ɗora wata na'ura a wuyan karyar ta yi ƙara, ya duba lamba, ya buɗe bakinta, ya shafa cikinta da nonuwanta, ya gyaɗa kai. Suka sa hannu shi da matar a kan bonet. Ba wanda ya nemi sa hannun Baba sai a wuri ɗaya, inda aka ce ya mayar da kaya lafiya.

Baba ya sa fararen kaya kamar mai zuwa Juma'a. Ya fito da rigarta a ninke, da kwanonta a wanke cikin leda, da wata takarda da ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na ɗakin gwaji: lokacin da take ci, abin da ke ɓata mata ciki, cewa tana tsoron tsawa, cewa ba ta amsa sunan da ke takarda. Mutumin ya karɓa ya yi godiya ya cusa a aljihun baya bai duba ba. Baba ya tambaye shi ko zai iya zuwa ganinta, ko sau ɗaya a shekara. Mutumin ya ce cikin ladabi wannan ba ya cikin yarjejeniya, kuma ya fi mata sauƙi ta manta.

Ta ƙi shiga kejin. Mutumin ya ja igiya, ta toge, ta juyo tana kallon Baba. Baba ya matsa kusa, ya nuna mata ƙofar da yatsa, ya ce, "Ke, shiga." Ta shiga. Matar ta zo za ta rungume shi, ya ja da baya ya ɗan rusuna mata, ya yi wa mijinta addu'ar samun sauƙi. Bai tsaya ganin tashin motar ba. A zaure ya ce mini, "Mun mayar da kayan mutane," ya shige ɗaki.

Sati bai cika ba ya koma kujerar taga. Abokan nan nasa biyu suka dawo da zuwan Lahadi, suna shan ruwa har da neman ƙari, ɗaya ma ya ce alhamdu lillahi gida ya yi haske. Ni na kawo musu shayin, kuma Allah ne kaɗai ya hana ni juye masa shi a cinya. Baba ya yi musu murmushi ya ce haka ne. Likita ya mayar da maganin da ya rage, ya ƙara wani. Loma biyu ta dawo. Wandon fitarsa ya yi wata huɗu a rataye a bayan ƙofar kicin, na rasa mai ƙarfin halin cire shi a cikinmu.

Wata rana da yamma ina durƙushe ina yanke masa farcen ƙafa, don ya daina iya sunkuyawa, sai ya ce, "Uwata."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Ke da kike musu da ni a kan gishiri, a kan magani, a kan hular da zan sa. Me ya sa a kan kuɗin nan kika bi maganata?"

Na ɗago. Ba ni yake kallo ba, lambu yake kallo. Na ce, "Baba, cewa ka yi ba ka yafe ba."

Sannan ya ce, "Da kin biya, ai da na yafe."

Na ƙarasa yanke farcen, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na tattara a tafin hannu na kai shara, na tsaya a kicin na toshe bakina da tawul don kada ya ji.

Washegari na kira matar daga ofis, na ce ta taimake ni ta tambayi mutumin, ko nawa ya ce zan biya. Ta kira ni bayan awa biyu. Ta ce ya ce a gaishe da dattijo, amma karyar tana da ciki, kuma ba ta sayarwa ba ce.